Karatun da ba a kasa shi a faifai

Idan yarinya ta ci bak ta ce za ta jami'a nazarin addini da zaman mata da halin naƙasassu, tambayar farko a gida ita ce: wannan karatu me yake sayarwa? Tambaya ce ta ɗan kasuwa, kuma ba mu ga laifinta ba. Hanyar da nisa: shekara 3 lisansi, 2 mastar, aƙalla 3 doktora. Shekara 8 ke nan uwa na biyan kuɗin mota da na takardu, ba mai kama mata tsaron rumfa.

To amma mu duba ribar. Ousseina Alidou ƴar ƙasar nan ce. Ta yi karatu a jami'ar Yamai, ta zama farfesa a jami'ar Rutgers ta Amurka. A 2005 ta fitar da littafi kan matan Musulmi na Nijar, har da malama mai wa'azi a rediyo da mawaƙiya Habsu Garba. Da ba ta rubuta ba, baƙo ne zai rubuta labarinmu yadda ya ga dama.

Haka batun naƙasassu. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008, amma kowace Juma'a makafi da guragu na jere a ƙofar masallaci suna jiran sadakarmu. Wa zai bi unguwa unguwa ya gano abin da ke hana ƴaƴansu shiga lakol? Wa zai tuna mana, da hujja, cewa Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, amma ya yi ladanci, har Annabi (SAW) kan bar masa riƙon Madina in zai yi tafiya? Sai wanda ya san littafi, ya kuma san gari.

Uzurin nisa ya ƙare. Jami'ar Musulunci ta Say na aiki tun 1986. Maraɗi da Tawa da Damagaram sun samu nasu jami'o'i a 2010.

Don haka muna kira ga alhazai da hajiyoyin kasuwa. A jihar Maraɗi aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991. Hannun da ya iya tara wa ƴar'uwa jari ba zai kasa riƙe ɗaliba guda ba, ko makaho mai ƙwaƙwalwa, har su kammala. Kada a cire yarinya a shekara ta biyu don talla ko don an gaji. Allah ya sa mu dace.