Mabera Na Jiran Malamin Lissafi

Tun da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar a watan Oktoban 2025 cewa ɗalibin ajin at ba sai ya ci kiredit a lissafi ba kafin ya samu gurbin karatu a gaba da sakandare, maganar ta riga ta isa inda za ta yi ɓarna. Bayan 'yan kwanaki ma'aikatar ta dawo tana gyara, tana cewa har yanzu dole kowane ɗalibi ya yi rajistar lissafi, ya kuma zauna jarrabawarsa. Amma magana zarar bunu ce. Yaro ɗan shekara 15 da ke aji huɗu a unguwar Mabera ta birnin Sakkwato bai karanta takardar gyaran ba. Abin da ya ji a bakin yayyensa da abokansa shi ne gwamnati ta ce lissafi ba dole ba ne, kuma da wannan zai shiga aji gobe, in ma ya shiga. Wa zai ɓata dare a kan darasin da zai zauna jarrabawarsa don cika umarni kawai?

Mun ji hujjar Ministan Ilimi Tunji Alausa, cewa sama da matasa miliyan biyu ke rubuta jarrabawar JAMB duk shekara amma kusan 700,000 kaɗai ke samun gurbi, kuma sassaucin zai buɗe ƙofa ga wasu 250,000 zuwa 300,000. Ba mu musa cewa akwai yaran da lissafi ya tsare wa hanya ba. Sai dai wannan barin jaki ne ana dukan taiki. Abin da ya tsare yaran nan shi ne shekara shida da suka yi a sakandare ba tare da wanda ya zauna ya fahimtar da su darasin ba. Wannan jarida malami take nema wa yaran Mabera, malamin da ya karanci lissafi, yake zuwa aji, ake biyansa a kan lokaci.

Duk wanda ya leƙa ajin lissafi a makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo a wannan gari ya san abin da muke faɗa. Yara sun cika ɗaki, na gaba a kan benci, na baya a tsaye ko a bakin taga. Malami ya rubuta 2x + 3 = 11 a allo. Ya ce a ɗauke 3 a tsallakar da shi ɗaya gefen, in ya tsallaka alamarsa ta canza. Yara su amsa gaba ɗaya, su kwafa, a samu x = 4, a wuce. Ka tare ɗaya daga cikinsu a waje ka tambaye shi dalilin da ya sa alamar ta canza, sai ya ce haka malam ya ce. Ba laifin yaron ba ne. Sau da yawa ba laifin malamin ba ne ma, domin mai yiwuwa wani fanni ya karanta daban aka miƙa masa alli aka ce ya riƙe ajin, ko kuma ɗan bautar ƙasa ne da zai tattara kayansa kafin shekara ta zagayo. Hadda ake yi, kuma haddar da babu fahimta a ƙarƙashinta tana rushewa ranar da aka ɗan juya tambayar.

Alhali yaron nan ya san amsar tambayarsa tun daga gida. Ya sha ganin mai awo a kasuwa da sikelinsa. Ya san in aka ɗebe wani abu daga tasa ɗaya, sai an ɗebe daidai shi daga ɗayar kafin sikelin ya tsaya. Babu abin da ya tsallaka, babu alamar da ta canza da kanta: an cire 3 a hagu, an cire 3 a dama, shi ke nan. Malamin da ya san fanninsa zai nuna wannan cikin minti biyar, yaron kuma ba zai ƙara mantawa ba. Irin wannan malamin muke cewa a kawo.

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne yadda aka mayar da aljabara kamar wani baƙon abu da aka ɗora wa 'ya'yanmu daga waje, har a birnin Shehu. Sunan kansa Larabci ne. Daga littafin Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi ya fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin Halifa Ma'amun. Kalmar jabr ita ce ɗori, irin wanda ake yi wa karyayyen ƙashi: a mayar da abin da ya rabu mazauninsa har ɓangarori biyu su daidaita. Marubucin ya bayyana cewa ya yi littafin ne don bukatun mutane na rabon gado, wasiyya, shari'a, ciniki, awon filaye da haƙa hanyoyin ruwa, kuma babban kaso na littafin a kan matsalolin wasiyya da gado yake. A ƙasar Hausa ma ba a bar mu a baya ba. Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, har yau masana tarihin lissafi suna ambatonsa. Zaurukan malamanmu ba su taɓa raba ilimin fara'id da hisabi ba.

Mu ɗauki misalin da kowace unguwa ta sani. Mutum ya rasu ya bar mata, da mahaifiya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, ya kuma bar naira 1,200,000 bayan an biya bashi. Matar tana da tumuni, naira 150,000. Mahaifiyar tana da sudusi, naira 200,000. Saura 850,000, namiji rabon mata biyu. In rabon 'yar ya zama x, to na 'ya'yan gaba ɗaya 5x ne, x kuwa 170,000, kowane namiji ya tashi da 340,000. Wannan ita ce aljabarar da ake koyarwa a ƙaramar sakandare, babu ƙari babu ragi. To wa ake kira ya raba gado in an yi rasuwa a Mabera? Wanda ya karanci Larabci da addinin Musulunci, wato ɗan ajin at ɗin nan da aka ce masa yana iya wucewa ba tare da lissafi ba. In ya kuskure, haƙƙin maraya da na mai takaba ne zai salwanta a hannunsa, kuma ba zai san ya kuskure ba. Wanda ya tsara wannan sassauci a Abuja bai yi tunanin wannan zama ba, inda aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida magada suna jiran malam ya faɗi rabon kowa.

Akwai kuma kwalejojin ilimi. A sabon tsarin, mai neman NCE a fannin at ba a bukatar kiredit ɗinsa na lissafi. Daga cikin waɗannan ne za a ɗauki malaman firamare, kuma a firamarenmu malami ɗaya ke riƙe aji ya koyar da komai, har da tarawa da rabawa da ɓangarorin lamba. Wanda ya gudu daga lissafi yana ɗalibi, shi za a ba yara 'yan shekara takwas ya sa musu harsashi. Bayan shekara goma za a sake taruwa a yi mamakin yadda yaran Arewa ke faɗuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa muna shirin miƙa ɗanyen iccen ga wanda shi ma ba a tanƙwara ba.

Jiyometiri, wato awon siffofi da kusurwoyi, shi ma ba sai an je nesa ba. Maginin da ke fitar da harsashin gida a filoti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 yana kafa turaku, ya auna ƙafa 3 a igiya ɗaya, ƙafa 4 a ɗayar, in tsakaninsu ya ba shi ƙafa 5 ya san kusurwarsa ta tsaya. Ƙa'idar Pitagoras ke nan a hannun mutumin da watakila bai gama firamare ba, alhali ɗansa yana aji biyar yana haddace ta ba tare da sanin amfaninta ba. Kafinta mai ƙiyasta yawan kwanon rufi, da tela mai yanka wuyan riga, duk awo suke yi. Mutanen Mabera kuwa sun fi kowa sanin abin da kuskuren awo ke jawowa. Duk damina suna ganin yadda ruwa ke kwanciya a unguwar, ya shiga gidaje, ya tare hanya, yara su naɗe wando su ratsa zuwa makaranta. Ruwa gangare yake bi. Magudanar da ba a auna gangarenta da faɗinta daidai ba tafki za ta koma. Yaran da ke ratsa wannan ruwa su ya kamata gobe su zama injiniyoyi da masu awon ƙasa da za su raba unguwarsu da shi. Amma da yawansu sai ana gobe jarrabawa suke sayen ɗan gwangwanin nan na kayan lissafi, su buɗe shi a ɗakin jarrabawa, su riƙe kamfas a karon farko a rayuwarsu. Da wane hannu za su raba kusurwa biyu?

Ba yau aka fara yi mana alkawari ba. A ƙarshen 2015 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Jihar Sakkwato, muka yi murna, muka rubuta a wannan shafi. Shekara goma ke nan. A 2022 hukumar WAEC ta fito ta ce Sakkwato da Zamfara ba su gabatar da ɗaliban makarantun gwamnati a jarrabawarta ba, aka yi ta jifan juna da laifi tsakanin hukumar da jihar, yaran talakawa suka kwana a ciki. A ranar malamai ta duniya ta 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai. An tsawaita shekarun ritaya, amma albashin har yau malamin Mabera bai gan shi a asusunsa ba. A 2021 aka ce za a riƙa ba ɗaliban fannin koyarwa naira 75,000 a jami'a da naira 50,000 a kwalejin ilimi kowane zangon karatu. A tambayi ɗaliban da ke karatun koyarwa a garin nan nawa suka karɓa. Ga shi a watan Nuwamban 2025 Minista Alausa ya soke manufar koyarwa da harshen uwa ta 2022, manufar da ba a taɓa buga mata littattafai ko horar mata da malamai yadda ya kamata ba, sannan aka ɗora mata laifin faɗuwar yara. Malamin da ya ce wa yaro sikeli da tasa cikin Hausa don ya gane ma'anar alamar daidai, shin yanzu ya saɓa doka ke nan?

Ko alƙaluman da ake yanke hukunci da su ba su tsaya da ƙafarsu ba. A watan Agustan 2025 WAEC ta fara cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne suka ci kiredit biyar har da Turanci da lissafi, bayan 'yan kwanaki ta ce an yi kuskure, kashi 62.96 ne. Wannan na ƙasa baki ɗaya ne. Uban da ke Mabera ba shi da inda zai je ya ga yara nawa suka ci lissafi a makarantar da 'yarsa take, ko malaman lissafi nawa ke cikinta. Shi ya sa mai hali ke biyan kuɗin lesin da yamma, marar hali ya zuba ido, wasu kuma su kai 'ya'yansu wuraren da ake rubuta amsa a allo ranar jarrabawa. Kowa ya san da wuraren nan, har da masu sa ido.

Gwamna Ahmed Aliyu ya sa ilimi cikin ƙudurorinsa tara. Muna tunatar da shi cewa Abuja ba ta ɗaukar malamin sakandaren jiha, ba ta tura shi aji, ba ta biyansa. Wannan aikin gwamnatinsa ne, kuma sanarwar minista ba ta sauke masa nauyin ba. Fenti da katanga da sabon rufi suna da kyau, mun kuma yaba inda aka yi su, amma ba su koyar da aljabara. Garin da ke da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da cibiyar horar da malamai mai sunan Shehu Shagari, waɗanda ke yaye masu digiri da NCE a lissafi duk shekara, ba shi da uzurin barin aji babu malami. Matasan suna nan, wasu suna tuƙa adaidaita, wasu suna tsare shagon POS, wasu sun tafi makarantun kuɗi.

Ma'aikatar ilimi ta jiha ta wallafa, makaranta bayan makaranta, yawan ɗalibai da yawan malaman da suka karanci lissafi da sakamakon WAEC da NECO na lissafi na shekaru uku da suka wuce. Ta fara da makarantun Mabera, inda cunkoso ya fi yawa. Inda aka ga giɓi a ɗauki malamai ta hanyar jarrabawar da za a sa su warware tambaya a gaban allo, ba da takardar wani babba ba. A ba su ƙarin alawus da zai riƙe su, a hana mayar da su ofis bayan shekara ɗaya. A raba wa kowane ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare rula da kamfas tun makon farko. Hukumomin jami'o'in da ke garin nan kuma su faɗa a fili cewa sashen Larabci da na nazarin addinin Musulunci da duk mai shirin koyarwa a firamare za su ci gaba da neman lissafi. Majalisar dokokin jiha ta gayyaci kwamishinan ilimi ya zo da waɗannan alƙaluma a hannu kafin a amince da kasafin ma'aikatarsa na gaba. Za mu buga su a wannan shafi ranar da suka fito, in kuma ba su fito ba za mu sake tambaya.