A Rage Wa Almakashi Aiki A Wurin Renon Dashe

Akwai wata al'ada da yaron lambu ke koya tun makonsa na farko a wurin masu renon itatuwa da furanni: idan an yanko ɗanyen reshe za a dasa, sai a bi ganyayensa da reza ko almakashi a datse rabin kowanne, sannan a soka shi cikin ledar ƙasa. In ka tambayi dalili, amsar ɗaya ce, wai don kada ganyen ya shanye ruwan jikin reshen kafin ya yi saiwa. Amsar tana da tushe, amma an mayar da ita doka, ana yi wa kowane irin reshe, a kowane lokaci na shekara, ba tare da an duba girman ganye ko danshin wurin ba. Ra'ayina shi ne datsar ganye ta zama dabara ta ƙarshe da mai reno zai ɗauko, bayan ya gama da inuwa da danshi, kuma in zai datsa ya datsa da awo.

Reshen da aka raba da uwarsa yana cikin tsaka mai wuya. Ba shi da saiwar da zai ja ruwa, ga kuma ƙananan ƙofofi a bayan ganyensa suna ta fitar da ruwa zuwa iska. Wannan ne abin da mai almakashi yake gani, kuma gaskiya ya gani. Abin da ido ba ya kamawa shi ne cewa wannan ganyen dai shi ke haɗa abinci daga hasken rana, kuma da abincin ne reshen zai gina sabuwar saiwa. Ƙari a kan haka, sinadarin da ke umartar gindin reshe ya fitar da saiwa, wanda masana ke kira oksin, a toho da ƙananan ganyaye ake samar da shi, daga nan ya gangara ƙasa. Tun shekarun 1930 aka gano wannan, kuma daga nan aka samo hodar dashe da ake sayarwa a yau. Saboda haka duk wanda ya datse rabin ganye ya rage asarar ruwa, ya kuma rage abinci a lokaci guda. Wane ne ya fi nauyi a cikin biyun? Wannan tambaya ce da gwaji kaɗai ke iya amsawa, kuma an gwada.

Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka fi fito da lamarin fili shi ne wanda masu binciken Jami'ar Guelph da ke lardin Ontariyo a Kanada suka yi, aka wallafa a 2018, shekarar da ƙasar ta halatta tabar wiwi ga manya. Kamfanonin da ke da lasisin nomanta a can da reshe suke yaɗa ta, domin suna son kowane tsiro ya fito daidai da uwarsa, kuma datse bakin ganye al'ada ce da ta zauna a tsakaninsu. Deron Caplan da abokan aikinsa suka raba rassan wiwi gida-gida, wasu aka datse musu bakin ganye, wasu aka bar su yadda suke. Waɗanda aka bari, kashi 71 cikin ɗari suka yi saiwa. Waɗanda aka datsa, kashi 53 kawai. Sun kuma ga cewa reshe mai ganye uku ya fi mai ganye biyu kyawun saiwa, ko da yake yawan waɗanda suka kama bai bambanta ba. Wato aikin da ma'aikata ke ɓata sa'o'i suna yi da hannu, reshe bayan reshe, shi ne ke jawo musu asarar kusan reshe 18 a cikin kowane 100.

Wani zai ce me ya haɗa mu da wiwi, abin da dokar Najeriya ta haramta nomansa, kuma hukumar NDLEA ke bin gonakinsa tana ƙonewa? Haramcin yana nan daram, ba kuma shi ake tattaunawa ba. Abin da ya sa gwajin ya shafe mu shi ne ganye ganye ne, aikinsa ɗaya ko a jikin gwaba yake ko a jikin fure, sai dai a can an samu masu kuɗin da suka damu a auna musu abin da mu muke yi da ka. Ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi shi ne cewa gwaji ɗaya a kan shuka ɗaya ba ya zama hujja a kan dukkan itatuwa. Haka ne, shi ya sa ya kamata a haɗa shi da wani aiki da ya fi kusa da gida. Bishiyar obeche, wadda Yarbawa ke kira arere, katako ce mai daraja a dazuzzukan Afirka ta Yamma, amma ba ta ba da iri a kowace shekara, irin kuma ba ya jimawa yake mutuwa. Wannan ya sa tun shekarun 1970 masu bincike a Ibadan da kuma wata cibiya kusa da Edinbura a Sikotland suka duƙufa neman yadda za a yaɗa ta da reshe. Roger Leakey da abokansa sun gano cewa reshen da aka cire wa ganye gaba ɗaya ba ya yin saiwa, wanda aka bar wa ganye mai faɗi sosai kuma yana shan wahalar ƙishirwa. Inda abin ya fi kyau shi ne a bar masa ganye kimanin murabba'in santimita 50, kusan girman katin ATM. Masu goyon bayan almakashi za su iya cewa ai ga shi nan, datsa ta yi amfani. Ta yi, amma a kan ganye mai faɗin gaske, kuma da awon da aka samo ta hanyar gwaji. Babu inda aka ce a raba kowane ganye biyu. Ganyen lalle ko na lemun tsami, ko an bar shi cikakke, da wuya ya kai wannan awon, to me za a rage a jikinsa?

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na yanayi. A Kanada cikin ɗaki aka yi aikin, ana sarrafa zafi da danshi. A Katsina ko Maraɗi kuwa, iskar hunturu tana busar da wanki kafin a gama shanya, kuma a bazara ɗanyen reshe mai cikakken ganye zai yi yaushi kafin azahar. Wanda ya faɗi haka bai yi ƙarya ba. Sai dai maganarsa tana nuna inda matsalar take, wato a iskar da ke kewaye da reshen, kuma ita iskar ana iya gyara ta da kuɗi kaɗan. Leakey da abokan aikinsa sun bayyana wani akwatin reno a 1990 wanda ba ya buƙatar lantarki ko ruwan famfo. Firam ne na katako a lulluɓe da farar leda, an shimfiɗa leda a ƙasansa yadda ruwa ba zai zurare ba. A zuba yashi kaɗan, a jera duwatsu, a bi da tsakuwa, a sa yashin dashe a sama, sannan a zuba ruwa ya tsaya a cikin tsakuwar, ƙasa da inda gindin reshen zai kai. Ana soka guntun bututu a kusurwa don a riƙa leƙa inda ruwan ya tsaya. In an rufe murfin, da safe za ka ga raɓa ta taru a cikin ledar tana gangarowa, ganyen kuma a miƙe. Manoma a kudancin Kamaru sun yi amfani da irinsa wajen yaɗa itatuwan 'ya'yan daji. A wajenmu sharaɗinsa ɗaya ne mai tsauri: dole ya zauna ƙarƙashin rumfar zana ko inuwar bishiya, domin akwatin leda a tsakar ranar Afrilu dafa rassan zai yi. Wanda ba shi da halin akwatin ma yana da wata hanya kyauta, ya jira damina ta zauna, ya yanki rassansa da sassafe.

Akwai kuma masu cewa iyayenmu sun dasa rogo da zogale da ceɗiya ba tare da ganye ko ɗaya ba, sun kafa shinge da dashi da aguwa da bini-da-zugu, duk kuma sun kama. Wannan wani babi ne daban. Waɗannan rassa ne masu kauri da suka ƙosa, da guzurinsu na abinci da ruwa a cikin kara, shi ya sa za su iya kwana da kwanaki a yashe su kuma tofo. Ɗanyen reshe siriri ba shi da wannan ajiya, abin da ganyensa ya haɗa yau shi zai ci yau. Ruɗanin da ake samu a wuraren reno yawanci daga nan yake, ana ɗauko hukuncin karan rogo a ɗora wa tohon gwaba.

Inda almakashi ke da aiki babu gardama shi ne ganyen ƙasa, wanda zai nutse cikin yashi ko ya kwanta a kansa. Wannan a cire shi, domin ruɓewa zai yi ya jawo wa sauran cuta. Haka ma ganyen da ya faɗo cikin akwati, a tsince shi kullum. Masu datsa don rassa su samu wuri a cunkushe kuwa, su lissafa ko ribar wurin ta kai asarar waɗanda ba su kama ba. Lissafin ba shi da wuya, kuma gandunan renon gwamnati da ke samar da dashe ga shirin Babbar Koriyar Ganuwa a jihohi 11 na Arewa, tare da kwalejojin aikin gona, su ya fi dacewa su fara. A ɗauki rassa 100 na iri ɗaya daga uwa ɗaya, a datsa wa 50, a bar 50, a ƙirga masu saiwa bayan makonni shida, a maimaita da hunturu da damina, a rubuta sakamakon kowane iri da Hausa a raba wa masu reno.