Ƙaiƙayi a gaɓar Kainji: An ci ƙarfin makantar kogi, amma wa ke sauraron mai susa?

Ranar 30 ga Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Jamhuriyar Nijar ta rabu da cutar makantar kogi, ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta kai wannan matsayi, ta biyar kuma a duniya bayan Kolombiya da Ekwado da Meziko da Gwatamala. Nijeriya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da cutar, ba ta kai can ba tukuna, amma jihar Kebbi na cikin jihohin farko da kwamitin ƙasa na kawar da cutar ya ce an katse yaɗuwarta a cikinsu, tare da Filato da Nasarawa da Kaduna da Zamfara. Abin da wannan hukunci ke nufi a aikace shi ne a daina rabon maganin Mectizan gida-gida saboda wannan cuta, a koma sa ido.

Nasara ce ta gaskiya. Sai dai ta bar wata tambaya ga mutanen Yauri da Ngaski da Shanga, waɗanda suka daɗe da sanin cewa ƙaiƙayi mai hana barci yana da amsa guda, wato ƙwayoyin da mai rabo ke bayarwa bayan ya auna tsayin mutum da sanda. Yau idan masunci a Wara ko mai sayar da albasa a Yelwa ya wayi gari yana susa har jini, mene ne ke damunsa, kuma wa zai gane?

Sunan cutar ya ɓoye rabin labarinta. Ana kiranta makantar kogi, amma mafi yawan waɗanda ta kama ba makancewa suke yi ba, fata ce ke azabtar da su. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da ita ta nuna cewa a 2017 mutum kusan miliyan 20.9 ne ke ɗauke da cutar, miliyan 14.6 daga cikinsu na fama da ciwon fata, miliyan 1.15 kuma sun samu matsalar gani. Wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda da ke hayayyafa a ruwa mai gudu da ƙarfi shi ke cizon mutum ya sa masa tsutsar. Uwar tsutsar kan yi ƙulli a ƙarƙashin fata ta rayu har shekara goma sha biyar tana haihuwar 'ya'ya, su kuma 'ya'yan su bazu cikin fata da ido. Mutuwarsu a cikin fata ita ke tayar da ƙaiƙayin da kan sa dattijo ya kankare jikinsa da ɓawon masara. Maganin da kamfanin Merck ya fara bayarwa kyauta a 1987 yana kashe 'ya'yan ne, ba ya kashe uwar, shi ya sa aka yi ta maimaita rabon shekara da shekaru har iyayen su tsufa su mutu.

Madatsar Kainji ma ta taka tata rawar tun kafin maganin. An fara gininta a 1964 aka kammala a 1968, kuma a lokacin aikin sai da aka riƙa zuba maganin kashe tsutsar ƙudan a ruwa domin kare ma'aikata. Da tafkin ya cika, ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirin Foge da duwatsun da ruwa ke bugawa, irin waɗanda suka halaka Mungo Park a 1806, aka tayar da mutum kusan 44,000 zuwa sababbin matsugunai. Ruwan da ya kwanta ba ya yi wa baƙin ƙuda daɗi. Amma an gudu ne ba a tsira ba, domin ruwa mai kwanciya da ciyawa a gefensa shi ne gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Yaron da ya yi wanka a bakin tafki yakan ji fatarsa na ƙaiƙayi bayan ya fito, lokacin da tsutsar ke huda ta, daga baya a ga jini a fitsarinsa. A wajen mata abin ya fi ɓuya: tsargiya kan sauka a al'aura da bakin mahaifa, ta kawo ƙaiƙayi da zubar ruwa da zafi, a yi ta shan maganin sanyi shekara da shekaru, wani lokaci har da zargi tsakanin miji da mata, alhali ƙwayar firazikwantel ce maganin abin.

Akwai kuma ƙazuwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2017. Maganin makantar kogi yana kashe ƙwaron ƙazuwa, saboda haka rabon shekara-shekara ya riƙa rage ta ba tare da an yi niyya ba. Duk inda rabon ya tsaya gaba ɗaya, bai kamata a yi mamaki ba idan ta sake ɗaga kai, musamman a tsangayu da makarantun kwana da gidajen da suka cika da waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka.

Duk waɗannan suna barin shaida a fata ko a fitsari. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne ƙaiƙayin da ba shi da ƙurji ko ɗaya. Tsofaffi sun san na kulorokwin, wanda ya fi addabar baƙar fata. Ciwon hanta da na ƙoda da ciwon sukari da cutar ƙanjamau duk suna iya fara sallama da ƙaiƙayi. Sannan a can ƙarshen jerin akwai wanda ba daga fata yake tasowa ba sam, daga laka da ƙwaƙwalwa yake.

Misalin da likitocin jijiya suka fi kawowa shi ne cutar da suke taƙaita sunanta da MS. Kowace jijiyar da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki tana da riga mai maiƙo da ta lulluɓe ta, kamar robar da ke kan wayar lantarki. A wannan cuta garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta zaizaye rigar. Inda ta zaizaye, saƙo kan tsaya, ko ya yi jinkiri, ko ya tsallaka zuwa jijiyar da ke kusa, sai ƙwaƙwalwa ta karɓi labarin ƙaiƙayi daga wurin da babu abin da ya taɓa shi. Irin wannan ƙaiƙayi yana da halinsa. Yakan zo farat ɗaya, ya yi daƙiƙoƙi ko mintoci ya wuce, ya dawo sau da yawa a yini, sau da yawa a wuri guda, kamar kafaɗa ko wuya ko gefen fuska. Yana iya tayar da mutum daga barci. Susa ba ta kashe shi, wani lokaci ma ƙara shi take yi, kuma zafin rana ko wanka da ruwan zafi kan tsananta alamomin cutar. Piriton ba ya yi masa komai, haka ma man shafawa, domin fatar lafiyarta lau. Magungunan da ke kwantar da jijiya, irin kabamazafin da gabafentin, su ne kan yi tasiri, kuma ba na saye a kan teburin kemis ba ne.

Ƙaiƙayin ba ya zuwa shi kaɗai. Abin da zai sa ma'aikacin lafiya ya tsaya ya yi tunani shi ne abokan tafiyarsa: ido ɗaya ya dushe cikin kwanaki kaɗan tare da zafi idan an juya shi, ƙafa ta mutu ko ta riƙa jin kamar tafiyar kiyashi, jiri da tangaɗi, kasa riƙe fitsari, jin kamar lantarki ya ratsa gadon baya idan an sunkuyar da kai, da gajiyar da hutu ba ya warkarwa. Alamomin kan zo su tafi da kansu bayan makonni, abin da ke sa dangi su ɗauka sammu ne ko shafar iska, kuma duk maganin da aka sha a ranar da abin ya lafa shi ke karɓar yabo. Cutar ta fi kama masu shekara 20 zuwa 40, mata sun ninka maza aƙalla sau biyu.

Kada a yi wa maganar ƙari. Ƙididdigar duniya ta 2020 ta nuna masu MS sun kai miliyan 2.8, mafi yawansu a Turai da Arewacin Amurka. A Afirka ta Yamma ba ta da yawa, ko da yake ƙarancin likitocin jijiya da na'urar hoton MRI na nufin akwai waɗanda ba su taɓa shiga lissafi ba. Tana kuma da 'yar'uwa, wadda ake kira NMO, mai kama jijiyar ido da laka, wadda ta fi yawa a tsakanin baƙar fata fiye da Turawa, kuma ƙaiƙayi na cikin alamominta da aka sani. A gaɓar Kainji haɗarin a bayyane yake. Matashiyar da ta zo da ƙaiƙayi da dushewar ido ta zo da alamomi biyu da kowa a yankin ya haddace a matsayin makantar kogi. Amma waccan makanta a hankali take zuwa, cikin shekaru, wannan kuwa cikin kwanaki, kuma jinkirin magani na iya tafiya da idon ko ƙafafun gaba ɗaya.

Nan ne batun ya tashi daga na likitoci ya koma na masu mulki. Tsarin da ya ci makantar kogi tsari ne na rabo: a ba kowa, ba sai an tambayi kowa abin da ke damunsa ba. Ya yi arha, ya yi aiki, kuma kuɗinsa daga waje ya fi fitowa, ta hannun ƙungiyoyi irin Sightsavers da ke aiki da gwamnatin Kebbi. Abin da ake buƙata yanzu tsari ne na tantancewa, wanda ke son ma'aikaci mai horo da lokaci da madubin duba fitsari da takardar tura majinyaci gaba. Shi kuwa ba a bayar da shi kyauta. Birtaniya ta zabge tallafinta ga irin waɗannan cututtuka a 2021, Amurka ta rushe hukumarta ta USAID a 2025. Asusun kula da lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, mai aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar, KECHEMA, su ne ƙofofin da suka rage a gida.

A halin yanzu kemis ne asibitin fata na mafi yawan jama'a. Mai ƙaiƙayi kan fito da man shafawa mai haɗin magunguna uku, wanda sinadarin da ke cikinsa ke kwantar da susa na 'yan kwanaki, ya sirantar da fata, ya ɓoye makero da ƙazuwa har su bazu. Ɗan kasuwar da ya kwana yana susa ba zai iya lissafin buhunan kifi da safe ba, ma'aikacin gwamnati kuma zai ƙarar da albashinsa kaɗan-kaɗan a kan abin da ba a gano sunansa ba. Wanda larurarsa ta jijiya ce, hanyarsa ta fi tsawo: daga asibitin Yauri ya bi ta Koko da Jega zuwa Birnin Kebbi, ko ya zarce asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da kuɗin mota da na masauki da na hoto, kafin a zo maganar magani.

Ita kanta makantar kogi ba a rufe littafinta ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan an daina rabon magani sai an yi shekara uku zuwa biyar ana kama ƙudaje ana bincikarsu, kuma ko bayan nan ba a daina sa ido har sai maƙwabta sun tsira. Ƙuda bai san iyakar jiha ba. Ngaski da Yauri na kallon Borgu da Agwara ta jihar Neja a ƙetaren ruwa, jiragen kwale-kwale na kai da komo kullum da masunta da 'yan kasuwa da masu haƙar zinariya, kuma Neja ba ta cikin waɗancan jihohi biyar. Ƙoramun da ke gangarowa tafkin, kamar Malendo, suna gudu da ƙarfi da damina. Idan cutar za ta dawo, a fatar wani masunci za ta fara bayyana, shekaru kafin ta kai ga idonsa.

Masu rabon Mectizan na sa-kai suna nan a ƙauyukansu, sun san kowane gida, suna da rajistar da suka cika da hannunsu. Horon 'yan kwanaki zai ishe su su riƙa yin tambayoyi huɗu: akwai ƙurji ko ƙulli a fata, akwai wani a gidan da ke susa, akwai jini a fitsari, akwai mutuwar gaɓa ko dushewar ido. Amsar farko da ta biyu da ta uku aikin asibitin ƙaramar hukuma ne. Ta huɗu kuwa takardar tafiya Birnin Kebbi ce a ranar, kuma kuɗin wannan tafiya da na horon ya kamata su fito da sunansu a kasafin ma'aikatar lafiya ta jihar da ke zuwa gaban majalisa.