Lasisin Jami'in Agajin Gaggawa: Kada Iyakar Jiha Ta Zama Shinge

Duk wanda ya san kudancin Jigawa ya san iyakar jiha a taswira kawai take. Gwaram na maƙwabtaka da jihar Bauchi, hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil kuma ta ratsa Birnin Kudu ne kafin ta shiga ƙasar Bauchi. Wanda ya yi haɗari a wannan hanya, ko mai naƙudar da jini ya ɓalle mata, asibiti mafi kusa ake nema musu, sau da yawa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Ra'ayina shi ne, tun da majiyyaci na tsallaka iyaka, wajibi ne lasisin jami'in da ke riƙe da ransa a cikin motar asibiti ya tsallaka tare da shi.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta ƙin duba mai larurar gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na Asusun Kiwon Lafiya a Matakin Farko domin irin wannan jinya. Daga nan shirin NEMSAS na motocin agaji ya samo tushe. Sai dai mota ba ta tsayar da jini, ba ta buɗe hanyar numfashi. Ƙwararre ne ke yi. Abin tsoro shi ne kowace jiha ta ƙirƙiro takardar shaidarta, wadda maƙwabciyarta ba za ta karɓa ba.

Amurka ta ɗanɗana wannan. A can kowace jiha ke ba da lasisinta, duk da akwai jarrabawar ƙasa, har sai da jihohi da dama suka ƙulla yarjejeniyar amincewa da lasisin juna. Mu kuwa muna da abin koyi a gida: ma'aikaciyar jinyar da ta kammala karatu a Birnin Kudu, da zarar Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta yi mata rajista, tana iya aiki a Azare ko Kano ba tare da sabuwar jarrabawa ba.

Wasu za su ce jiha ta fi sanin buƙatunta. Gaskiya ne, amma ilimin ceton rai ɗaya ne a ko'ina. Jiha ta ɗauki ma'aikata, ta biya su, ta sa musu ido. Manhaja da jarrabawa da rajista kuwa su kasance na ƙasa, a riƙa sabunta lasisi bayan ƙarin horo. Hakan zai toshe ƙofar 'yan bogi, ya kuma ba matashin Gwaram sana'ar da za ta ci da shi a duk inda ya je.

Tun ran gini ran zane. Gyara tsarin yanzu, tun yana ɗanye, ya fi sauƙi a kan warware shi bayan kowace jiha ta kafa nata.