ZAUREN 'YAN MATA: Data A Gida, A Guji Cinikin Biri A Sama

   

A wannan fitowa za mu ɗan jingine zancen kwalliya da girke-girke, mu taɓa wata magana da ta zame wa gidaje da yawa ƙarfen ƙafa, wato maganar data. Yau za ki ga yarinya an ba ta kuɗin tara, ta ƙi cin komai a makaranta, ta wuni da yunwa don kawai ta sayi data, kafin magariba kuma kamfani ya aiko mata da saƙo wai ta ƙare. A wani gidan kuwa Baba ne zai daure ya sayo rauta ya biya kuɗin wata guda, kwana goma ba a yi ba a ce babu komai a ciki, sai rigima ta kaure, yaya na zargin ƙanwa, ƙanwa na rantse-rantse. To ina dalili? Mafi yawan wannan asara rashin sani ne ke jawo ta, don haka ku gyara zama.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, a lokacin layi kaɗai sai mai hannu da shuni. Yanzu kuwa intanet ta shiga cikin karatunku dumu-dumu. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, sakamakon WAEC da NECO a intanet ake dubawa, neman gurbin jami'a ma haka. Ke nan ba za a ce ku bar ta ba, sai dai a ce ku iya sayenta. Balle ma a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Abin da ya yi tsada ai ba a yi masa riƙon sakainar kashi.

Abu uku ake sayar miki idan kin sayi data: yawa, da sauri, da wa'adi.

Yawa shi ne abin da kike gani an rubuta MB ko GB, kuma GB ɗaya kusan MB 1,000 ne. Ki ɗauke shi kamar ruwan da ke cikin randa. Saƙon rubutu a WhatsApp ɗigo ne kawai, kiran murya kamar kurɓa ne, amma bidiyo, 'yar uwa, da bokiti yake ɗiba. Awa ɗaya ta kallon bidiyo mai matsakaicin kyau tana iya cin kusan 1GB, idan kuwa hoton mai fita tangaran ne da ake kira HD, yana iya kaiwa 3GB a awa. To ki lissafa da kanki. Mutum ɗaya mai kallon awa biyu kullum ya ci wajen 60GB a wata. In ku huɗu ne a gida masu irin wannan kallo, kun tasam ma 240GB. Sai ki ji ana cewa kamfani ya sace data, alhali kuwa TikTok da fina-finan YouTube ne suka lashe ta.

Sauri kuma shi ne wanda ake rubuta Mbps, kamar faɗin bakin famfo ne. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, domin megabit daban, megabait daban, sai an tara megabit 8 ake samun megabait 1. Idan aka ce miki saurin 20Mbps ne, abin da ke sauka a daƙiƙa guda MB biyu da rabi ne, fim mai nauyin 1GB zai sauka cikin kusan minti 7. Idan saurin ya faɗo zuwa 2Mbps, fim ɗin nan dai sai ya haura awa guda. Ki kuma lura, masu talla suna cewa ne saurin zai iya kaiwa kaza, ba su yi miki alkawarin kullum haka zai kasance ba. Ƙarfen sabis ɗaya ne ke ɗauke da unguwa, da dare idan kowa ya hau sai ya yi nauyi. A cikin gida ma saurin rabawa ake yi, in waya shida suka hau rauta ɗaya kowa ɗan tsagi zai samu.

Wa'adi shi ne kwanakin da aka ba ki, kwana ɗaya, ko mako, ko wata. Ranar da ya cika, ragowar ta tafi, sai fa idan tsarin da kika saya ya yarda a ɗora miki ita in kin sabunta a kan lokaci. Ki tambayi wannan kafin ki biya.

Yanzu ga dabarar gane mai araha. Ki raba kuɗin da yawan GB. A ce ana sayar da 1GB na kwana ɗaya a naira 500, a ce kuma akwai 30GB na wata a naira 9,000. Na farkon kowane GB ya tsaya miki a 500, na biyun a 300. Wadda ke sayen na kullum har wata ya ƙare ta kashe 15,000 a kan abin da wata ta samu a 9,000. Wannan misali ne na bayar, farashi yana canzawa, ki danna *312# ki ga na layinki a yau, *323# kuma ya nuna miki abin da ya rage. Sayen tsinta-tsinta daɗi gare shi a hannu, amma shi ya fi cin aljihu. In ku uku ne ko huɗu a gida kowa na sayen tata, gara ku haɗa kuɗin ku kai wa Baba ko Yaya shawarar a sayi babba guda ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai kuma wanda suke tallatawa da sunan "unlimited", wai mara iyaka. Ƙannena, araha ba ta ado. Akasarin irin wannan tsari yana da wani sharaɗi da ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe a ƙasan talla: idan kika cinye wani adadi, ba za a yanke miki ba, amma za a shaƙe saurin ya koma tafiyar hawainiya har wata ya ƙare. Wani tsarin kuma tun farko an ƙayyade masa sauri, kuɗinki ne ke nuna matakin da za a ɗora ki. Tambaya biyu za ki yi wa mai sayarwa: GB nawa zan ci kafin a rage sauri? In an rage, nawa zai koma? In ya fara kame-kame, ki riƙe kuɗinki.

Hanyoyin kawo intanet gida kuwa huɗu ne aka fi sani. Akwai kunna hotspot na waya, wanda ya ishi mutum ɗaya ko biyu, sai dai yana cin batir yana sa waya zafi. Akwai rauta ko MiFi mai ɗaukar layi, irin na MTN da Airtel da Glo, shi ya fi yawa a gidajenmu. MTN ta fara 5G a 2022, Airtel ta biyo baya a 2023, amma ba kowace unguwa ya kai ba, kuma rautar 5G a inda babu 5G ai 4G za ta ba ki. Akwai faiba, wayar da ake jawowa har cikin gida, ita ta fi tsayawa daram, amma sai inda aka shimfiɗa ta a manyan birane. Sai na tauraron ɗan'adam, Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, ita ce ma ƙasa ta farko a Afirka. Yana kamawa har a ƙauyen da babu ƙarfen sabis, sai dai kayansa na dubban ɗaruruwan naira ne, ga kuɗin wata mai nauyi, ga buƙatar wuta. Daidai ruwa daidai tsaki.

Kafin a sayi rauta, a ari layin wannan kamfani a gwada shi a cikin ɗakin da za a ajiye ta, da safe da kuma bayan isha'i. Layin da ke gudu a gidan ƙawarki yana iya zama gurgu a naku gidan. Amare masu shirin tarewa, wannan da ku nake musamman, kada a saya miki a gidanku sai kin je gidan miji ki tarar babu sabis. In an kawo ta, a ɗora ta a sama kusa da taga, kada a cusa ta bayan kujera ko cikin durowa, domin bango yana tare ta. A tanadi abin da zai riƙe ta idan an ɗauke wuta. A canza kalmar sirrin da ta zo da ita, kuma kada ki ba kowa don jin kunya, domin kin ba mutum ɗaya kin ba layinku gaba ɗaya.

A wayarki ma akwai ɓarayin cikin gida. Ki shiga saitin WhatsApp ki hana hotuna da bidiyo sauka da kansu, musamman na guruf ɗin biki da na 'yan aji. Ki hana manhajoji sabunta kansu sai da izininki. Ki rage kyan hoton YouTube zuwa 360 ko 480, a fuskar waya ba za ki ga wani bambancin kirki ba. Darasin da za ki maimaita, ki sauke shi sau ɗaya ki ajiye, ya fi ki riƙa kallonsa sabo kullum. Ki kuma duba ko an sa miki sabuntawa ta kai tsaye, wadda ke zare kuɗi da zarar kin sa kati.

Wani lokacin laifin ba na rautarku ba ne. A Maris na 2024 wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga wahala har da bankuna. In sabis ya ɗauke, ki tambayi maƙwabta kafin ki sake zuba kuɗi. Idan kuwa an ci miki kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, ki fara kai kuka ga kamfanin, in ba su share miki hawaye ba ki kira 622, layin koke na NCC, kyauta ne.

Daga ƙarshe ga wata magana ta tsakanina da ku. An wayi gari "turo min data" ta zama gaisuwar wasu 'yan mata ga samari. Haba ƙanwata! Wanda ya saba saya miki 2GB yau, gobe shi zai tsare ki da tambayar da wa kike hira har ƙarfe ɗayan dare, jibi kuma ya nemi ki turo hoton da ba ki so. Hoto kuwa in ya bar wayarki, ba ki da sauran iko da shi. Ki san abin da kike buƙata a wata, ki nema wurin iyaye ko yayye, ko ki tara daga 'yar sana'arki ta kitso ko lalle ko ɗinki. Mutuncinki ya fi ƙarfin gigabait.

Nan zan dasa aya. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta rubuto, ƙofar zauren nan a buɗe take. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku huta lafiya.