Gigin tsufa: Wa ke kula da masu jinya?

A garuruwa irin su Achilafiya, da ke ƙaramar hukumar 'Yankwashi a masarautar Kazaure, idan dattijo ya fara manta sunayen 'ya'yansa, ko ya fita ya kasa gane hanyar gida, galibi akan ce gigin tsufa ne.

Likitoci dai sun ce tsufa kaɗai ba ya kawo haka. Cuta ce da ke lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kuma har yanzu ba a samo maganin da ke warkar da ita ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutane miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki.

Wani binciken da aka gudanar a Zariya, aka wallafa a 2011, ya gano cutar a jikin kusan tsofaffi 3 cikin kowane 100.

Nauyin yana kan mata

Tun da babu magani, jinya ita ce kusan komai, kuma a gida ake yin ta.

Alƙaluman hukumar sun nuna cewa dangi kan shafe kimanin sa'o'i 5 a kullum suna hidimar majinyacin, kuma mata ne ke ɗaukar kashi 70 cikin 100 na wannan lokaci.

A karkarar Roni, Gwiwa da Babura, inda maza da dama kan tafi cirani bayan girbi, hidimar kan faɗa kan matar aure, ko 'ya, ko suruka. Ita ce mai wanka da ciyarwa, ita ce mai gadin ƙofa da dare.

Sana'arta ta cikin gida kan tsaya, wani lokaci kuma a hana yarinya zuwa makaranta domin ta taya ta.

Ba kasafai take kokawa ba, domin kula da iyaye ibada ce, ƙorafi kuwa ana ɗaukarsa rashin tarbiyya. Wannan shirun ne ke sa ba a ganin gajiyarta.

Doka da aiki

A watan Janairun 2023 shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Tun a 2021 kuma Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa ta fara aiki a Abuja.

Akwai asibitin masu taɓin hankali a Kazaure, sai dai iyalai da yawa na gudun kai tsohonsu can, don kada a ce ya haukace.

Saboda haka, wurin da taimako zai fi saurin isa ga mai jinya shi ne ƙaramin asibitin mazaɓa. A nan ne za a iya shaida mata cewa tsohuwar da ke zarginta da sata ba ƙiyayya take yi mata ba, ciwo ne, kuma gardama da ita ƙara rikita ta take yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya na da wani shirin horar da masu jinya mai suna iSupport, wanda aka tsara domin kowace ƙasa ta mayar da shi harshenta.

Jigawa kuwa tana da abin koyi a gida: a 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu naira 7,000 a wata. Babu abin da zai hana a yi tunanin irin wannan tallafi ga masu jinya.

Limamai da masu unguwanni ma na da rawar takawa, wajen tunatar da 'yan'uwa cewa jinyar iyaye haƙƙi ne a kan dukkan 'ya'ya, maza da mata, har ma su tsara karɓa-karɓa.

Idan mai jinya ta kwanta, gidan ya koma da marasa lafiya biyu.