Ina Ƙuri'ar Wakilinmu? Tambayar da Alƙalumanmu Suka Ƙi Yi



Ku buɗe Facebook ku nemi abin da matasanmu suka rubuta a kan ɗan majalisar da ke wakiltar Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa. Rubutu iri biyu za ku tarar. Na farko kirari ne: ya raba babura, ya raba shinkafar azumi, ya biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa. Na biyu zagi ne tsagwaronsa. Abin da ba za ku samu ba shi ne rubutun da ya ce ranar kaza an kawo ƙudiri kaza, wakilinmu ya goyi baya ko ya ƙi, ga kuma dalilinsa. Alhali wannan ne aikin da aka tura shi Abuja ya yi.

Tarihin mai kujerar ba ɓoyayye ba ne. Honorabul Shehu Dalhatu Tafoki ya wakilci Faskari a Majalisar Dokokin Jihar Katsina har ya zama mataimakin kakaki. Kujerar tarayya kuwa sai da aka je kotu, aka sake zaɓe a wasu rumfuna a Fabrairun 2024, kafin ƙura ta lafa. Wannan kowa ya haddace. Amma tambayi mai kirarin ko mai zagin ƙudiri ɗaya da wakilin ya tsaya a kai, sai ka ga an fara sosa ƙeya.

Laifin ba namu kaɗai ba ne. Majalisar Wakilai mai mutum 360 tana yanke yawancin hukuncinta ne da ƙuri'ar murya. Kakaki ya ce masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa, ya buga guduma, shi ke nan. Ba suna, ba lissafi. Ranar 20 ga Maris 2025 da wannan hanya aka amince da dokar ta-ɓacin da Shugaba Tinubu ya ƙaƙaba wa Jihar Ribas, duk da sashe na 305 na tsarin mulki ya buƙaci kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan majalisa, wato mutum 240 a zauren wakilai. Ta yaya kunne ke ƙirga mutum 240? Sashen da ya hau kan Ribas kuma bai ware Katsina ba. Haka aka maido da tsohon taken ƙasa a Mayun 2024 cikin 'yan kwanaki. Haka dokokin haraji, waɗanda gwamnonin Arewa suka fito suka ƙi a Oktoban 2024, suka ratsa majalisa har aka sa musu hannu a Yunin 2025. Katsina na da wakilai 15 a zauren nan. Wane marubuci ne a cikinmu ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tambaye su matsayarsu?

Kada a ce ba ya yiwuwa. A Yulin 2021, da rikici ya tashi a Majalisar Dattawa kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, an kira sanatoci da sunayensu, kowa ya tashi ya faɗi nasa, aka tashi 52 da 28. Jaridu suka buga sunayen, kuma har yau ana iya ɗauko su a tunasar da mai su. A Ingila da Amurka abin yau da gobe ne a rubuta sunan kowane ɗan majalisa kusa da ƙuri'arsa. Mu nan sai an ga dama, domin duhun ya yi wa masu kujera daɗi, mu kuma ba mu kunna fitila ba.

Na san amsar da za a ba ni: mutumin Ruwan Godiya da 'yan bindiga suka hana noma, ina ruwansa da ƙuri'a a Abuja? Buhun shinkafa dai yana ganinsa da idonsa. To, kasafin kuɗin sojoji da 'yan sanda ta wannan zaure yake bi. Sashe na 88 ya ba majalisa ikon bincikar yadda aka kashe shi. Yankin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, aka katse masa layukan waya a 2021, shi ya fi kowa buƙatar sanin ko wakilinsa yana buɗe baki. Shinkafa mako biyu take yi a gida. Doka kuwa jikoki ma sai ta same su.

Roƙo sana'a ce mai tarihi, ba na raina masu ita. Sai dai maroƙi bai taɓa cewa shi mai bincike ne ba. Wanda ya kira kansa marubuci, ya karɓi kuɗin data ya jera kirari, ya zama sojan baka mai alƙalami. Mai zagi ba hujja shi ma bai fi shi ba, don ya ba ɗan siyasa damar cewa hassada ce.

Ga aikin da ya kamata mu yi. Majalisa na fitar da takardar jadawalin zama da ta abin da aka zartar, kuma ana nuna zamanta kai tsaye. A duba ƙudirori nawa wakili ya gabatar, nawa suka wuce karatu na biyu, wane kwamiti yake ciki. A ɗauko kasafin ayyukan mazaɓu, a je ƙauyen da aka rubuta, a ga ko rijiyar burtsatsen tana nan. Tracka da hukumar ICPC suna irin wannan bibiyar. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumomi kwana bakwai su amsa takardarka. Inda aka yi ƙuri'ar murya, a rubuta wa wakili tambaya cikin ladabi: Honorabul, me ka amsa a kan Ribas? Me ka amsa a kan haraji? In ya ba da amsa a buga yadda ya faɗa. In ya yi shiru a rubuta ranar da aka tambaya.

Wakilin da ya yi aiki, wannan rubutu zai fi yi masa amfani a kan kirari dubu. Wanda bai yi ba, sai ya san ana ajiye lissafi kafin 2027. Wa zai ɗauki Faskari, wa zai ɗauki Ƙanƙara, wa zai ɗauki Sabuwa?